Tambaya da Amsa: Na Karanta Abin da Ɗana Ya Rubuta, Barci Ya Ƙaurace Mini

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, kuma na daɗe ina karanta wannan fili, amma ban taɓa zaton wata rana ni ce zan kawo kuka ba. Ɗana na uku yana da shekara 16, yana aji biyar a sakandare. Tun yana ƙarami mai sanyin hali ne, ya fi son zaman cikin gida da taya ni girki a kan fita ƙwallo, har yayyensa da yaran unguwa suka laƙaba masa "ɗan daudu", ni kuwa na ɗauki abin tsokanar yara ce kawai. Daga bara zuwa bana ya canza gaba ɗaya: ya rame, ya daina hira, ba ya zuwa Islamiyya sai an tilasta masa, sakamakon jarrabawarsa kuma ya lalace. Makonni uku da suka wuce ina gyaran ɗakinsu na ci karo da wani littafi da yake rubutu a ciki, na kuwa karanta. Ya rubuta cewa tun da ya balaga zuciyarsa ba ta taɓa karkata ga mace ba, ga maza take karkata, cewa bai taɓa aikata komai da kowa ba, yana azumi yana tashi cikin dare yana roƙon Allah ya cire masa wannan abu, kuma idan ba za a cire masa ba, gara Allah ya ɗauki ransa kafin ya kunyata mu. Bai san na gani ba. Ƙanwata kaɗai na faɗa wa, ita kuma ta ce ko aljanu ne ko sammu, a kai shi wajen mai ruƙiyya, in abin ya ƙi a kai shi gidan mari, ko a yi masa aure da zarar ya gama makaranta. Babansu mutum ne mai zafin zuciya, ina tsoron abin da zai yi idan ya ji. Shin ni na jawo masa da na bar shi yana zama cikin mata? Cuta ce da ake warkarwa? In faɗa wa babansu ko in yi shiru?

Wata uwa, daga Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da abin da ba ki sa cikin tambayoyinki uku ba, domin shi ne ya fi gaggawa: yaron da ya rame, ya daina hira, ya janye daga mutane, sannan ya rubuta da hannunsa cewa gara ya mutu, yaro ne da ransa ke cikin haɗari. Duk sauran maganganun za su iya jira, wannan kuwa ba ta jira. Tun yau ki kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin asibiti daga inda hannunsa zai kai, ki rage barinsa shi kaɗai a ɗaki na dogon lokaci, ki kuma lura idan ya fara rabar da kayansa ko neman gafarar mutane ba tare da wani dalili ba. Kada ki ji tsoron tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma ita ce take buɗe ƙofar da ya daɗe yana jiran wani ya ƙwanƙwasa.

Batun ko ke kika jawo, ki sauke wannan kaya daga kanki. Taya uwa girki ba ya juya zuciyar yaro, in da haka ne da duk ɗan da ya tashi a gidan da babu 'ya mace ya zama haka. Masu bincike sun shafe shekaru suna neman sanadi guda ɗaya, kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya duba ƙwayoyin gadon mutane kusan rabin miliyan, ya nuna cewa babu wata ƙwayar halitta guda da ke yanke wannan hukunci. Abubuwa ne da yawa ƙanana suke haɗuwa. Abin da ba a samu hujjarsa ba shi ne cewa salon renon uwa ko zafin uba ne ke haddasa shi. Yawancin waɗanda suka girma da wannan hali suna ba da labarin cewa sun tsinci kansu a ciki ne tun farkon balaga, ba tare da sun zaɓa ba, kamar dai yadda ɗanki ya rubuta. Ki duba kuma ki gani: wa zai zaɓi abin da zai sa ya riƙa tashi cikin dare yana kuka?

Akwai abubuwa uku da muka saba cakuɗawa a magana, kuma cakuɗa su yana cutar da yara. Sanyin murya da laushin tafiya da son ayyukan da muka ware wa mata abu ɗaya ne. Karkatar zuciya abu ne na biyu. Aikatawa kuma abu ne na uku. 'Yan daudu tsofaffin mazauna ƙasar Hausa ne, an san su a tashoshin mota da kasuwanni da wuraren biki da sana'ar sayar da abinci, kuma da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Akwai namiji mai sanyin hali da bai taɓa jin komai game da maza ba, akwai kuma ƙato mai kaurin murya da yake ɗauke da irin sirrin ɗanki, ba wanda ya taɓa zarginsa. Amma yaron da aka yi ta kira da "ɗan daudu" tun yana firamare, ranar da ya balaga ya ji abin da ya ji a zuciyarsa, sai ya ga kamar duk zagin da aka yi masa ya tabbata, kamar kowa ya riga shi sanin abin da yake, kuma kowa ya riga ya yanke masa hukunci.

Ina so ki ɗan tsaya ki hango rayuwarsa ta yini guda, domin a nan ciwon yake. Da safe yana lissafin yadda zai yi tafiya da yadda zai ajiye hannunsa da yadda zai sa murya, don kada wani ya yi dariya. A makaranta samari suna hirar 'yan mata, dole ya yi dariyar da ba ta kai zuci ba, ko ya ƙirƙiro budurwar da babu ita. A majalisar unguwa wani zai ce duk ɗan luwaɗin da ya kama sai ya ga bayansa, kowa ya ce ƙwarai kuwa, shi ma dole ya gyaɗa kai. A wa'azi yana jin labarin mutanen Annabi Luɗu, yana jin kamar da shi kaɗai ake, alhali bai aikata komai ba. Ina kyautata zaton wannan ne ya raba shi da Islamiyya, ba ƙin karatu ba. Da dare ya dawo gida, inda ya kamata ya huta, sai yayansa ya jefe shi da sunan nan a gaban ƙanne. Yaron da ake tsangwama saboda ƙabilarsa ko talaucin gidansu yana dawowa gida ya tarar da mutanen da suke cikin hali ɗaya da shi, su rarrashe shi. Wannan kuwa daga mutanen gidan ma yake ɓoyewa, su ne ma ya fi jin tsoron su sani. Wani masani ɗan Amurka mai suna Ilan Meyer ya yi bayani a 2003 cewa yawan ciwon damuwa da ake gani a tsakanin irin waɗannan mutane yana fitowa ne daga ƙyamar da suke fuskanta, da zaman jiran a gano su, da wahalar ɓoyewa kullum, da kuma ƙyamar kai da take shiga zuciya idan mutum ya daɗe yana jin ana tsine wa irinsa. Ramar ɗanki da faɗuwarsa a jarrabawa daga nan suke.

Shi ya sa abin da za ki yi yake da nauyi ƙwarai. A 2009 wata mai bincike a jami'ar San Francisco State da ke Amurka, Caitlin Ryan, ita da abokan aikinta sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan matasa 224 masu shekara 21 zuwa 25. Waɗanda iyalansu suka yi musu tsananin ƙi lokacin ƙuruciya, ta hanyar duka ko kora ko gori ko ware su daga harkokin gida, an samu yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ninka na waɗanda ba a yi wa haka ba fiye da sau takwas, ciwon damuwa mai tsanani kusan sau shida, shan miyagun ƙwayoyi fiye da sau uku. Amurka ba Zariya ba ce, amma zuciyar ɗa game da uwarsa ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya fi jan hankalina a aikin wannan baiwar Allah shi ne ta yi shi ne har da iyalai masu riƙo da addini, kuma ta nuna cewa ba sai iyaye sun sauya aƙidarsu ba kafin su ceci ɗansu; rage ƙin kaɗai, wato daina duka da zagi da gori, yana rage haɗarin sosai.

Kin tambaya ko cuta ce. A wajen likitoci ba cuta ba ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka a ranar 17 ga Mayu, 1990. An gwada hanyoyi iri-iri na juya zuciyar mutane, daga magunguna zuwa jona wutar lantarki zuwa zaman nasiha na shekaru, ba a samu wadda ta tabbata tana aiki ba, an kuwa samu shaidar cutarwa mai yawa. Wata babbar ƙungiyar Kiristoci a Amurka mai suna Exodus International, wadda ta shafe fiye da shekara talatin tana yi wa mutane alkawarin canji, ta rufe kanta a 2013, shugabanta Alan Chambers ya fito ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Gaskiya ne cewa shekara 16 lokaci ne da zuciya ba ta gama zama ba, kuma wasu matasa abin da suke ji yana sauyawa da kansa yayin da suke girma. Sai dai ba zan yi miki alkawarin haka ba, ke ma kada ki yi masa, domin yaron da aka ce wa zai warke idan ya ƙara ƙoƙari, ranar da ya ga bai canza ba sai ya ɗauka Allah ma ya juya masa baya. Abin da yake buƙatar magani a jikin ɗanki shi ne damuwar da ta hana shi ci da barci, kuma wannan tana da magani.

Ta fuskar addini, ba fatawa nake bayarwa ba, kuma ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba: malaman Musulunci sun haɗu a kan haramcin aikata luwaɗi. Amma su malaman ne dai suka bambance tsakanin aiki da abin da zuciya ta ɗarsa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba namiji mai ɗabi'un mata gida biyu: wanda aka halitta haka, wanda ya ce babu zargi ko laifi a kansa, da wanda yake ƙirƙira da gangan. A Suratul Hujurat, aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, aya ta 12 kuma ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da cin namansu. Idan aka auna da wannan ma'auni, a gidanki wanda ya tabbata ya saɓa wa nassi ƙarara shi ne mai kiran ƙanensa da sunan gori, ba yaron da yake azumi yana kuka ba. Ɗanki yana buƙatar ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi cewa shi ba la'ananne ba ne, sallarsa salla ce, kuma ayar da ta ce kada a yanke ƙauna daga rahamar Allah ba ta cire shi ba.

Shawarwarin ƙanwarki na san daga ƙauna suka fito, amma ina roƙonki da babbar murya kada ki bi biyu daga ciki. Gidan mari kada ki ko fara tunaninsa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka, wasu kuma suka ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki. Cikin makonnin da suka biyo baya aka sake gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin waɗanda aka samu a wuraren nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Yaro mai sanyi irin naki, idan aka kai shi irin wannan wuri da wannan tambari a goshinsa, shi ne na farko da za a ci zalinsa. Auren gaggawa kuma ɗaukar matsalar mutum ɗaya ne a raba wa mutum biyu. Wannan fili ya sha karɓar kukan matan da suka shekara suna zargin kansu, suna neman maganin mallaka, suna tambayar me suka rasa, alhali abin ba daga gare su yake ba. 'Yar wani ba magani ba ce. Addu'a da karatun Alƙur'ani kuwa ba wanda zai hana ki, ki yi masa ki kuma yi tare da shi, amma duk ruƙiyyar da ta haɗa da bulala ko shaƙe wuya ko turare mai sa suma ko tilasta masa ya amsa sunan aljanin da ba shi da shi a gaban jama'a, ki nisanta shi daga gare ta.

Sai maganar rufin asiri, kuma a nan dole in ambaci doka. A Najeriya dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko bayyana irin wannan soyayya a fili, kuma a jihohi 12 na Arewa, da Zamfara a kan gaba, da suka rungumi aiwatar da dokokin shari'a tun daga 2000, hukuncin aikata luwaɗi yana iya kaiwa ga kisa. Waɗannan dokoki aiki suke hukuntawa, babu wadda ta ce a kama mutum saboda abin da ke zuciyarsa, don haka ɗanki bai karya doka ba. Amma jama'ar gari ba sa jiran hujja. A Bauchi, a wancan watan na Janairun 2014, taron mutane sun yi ta jifan kotu da duwatsu suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Magana zarar bunu ce. Ki koma wajen ƙanwarki ki ɗaure ta da alkawari cewa maganar nan ba za ta wuce ku biyu ba, ko ga mijinta, ko ga mahaifiyarku. Littafin kuma, bayan kun yi magana da shi, ki ba shi shawara ya ƙona shafukan da hannunsa, don abin da kika gani wani ma zai iya gani.

Game da babansu, shawarata ita ce kada ki faɗa masa yanzu. Na san nauyin ɓoye wa miji abu, amma ke kika ce mai zafin zuciya ne, kuma abin da uba ya furta ko ya aikata cikin fushin minti biyar yana iya zama abin da za a yi shekara ashirin ana nadamarsa. Abin da za ki iya faɗa masa, kuma gaskiya ne, shi ne yaron yana fama da damuwa mai tsanani, yana buƙatar likita, kuma tsokanar da ake yi masa a gida tana ƙara masa ciwo. Ki nemi ya tsawatar wa yayyen, domin kalma ɗaya daga bakin uba ta fi goma daga naki a kunnen samari. Ko za a faɗa masa sauran, da lokacin da za a faɗa, wannan shawara ce da za ku yanke ke da yaron nan gaba, idan ya samu ƙarfi.

Yadda za ki tunkare shi kuwa, ki zaɓi lokacin da gida ba kowa, ko ki ce ya raka ki unguwa. Kunya tsakanin uwa da ɗa namiji a wajenmu babba ce, don haka ba sai kin kira abin da sunansa ba a zaman farko. Ki gaya masa gaskiya cewa kin ga littafin, ki nemi afuwarsa a kan karantawa, sannan kafin ya ce komai ki faɗa masa cewa shi ɗanki ne jiya, ɗanki ne yau, ba abin da zai sa ki yar da shi. Zai iya musantawa, zai iya yin kuka, zai iya tashi ya fita; duk ki ƙyale shi, kalmar ta riga ta shiga. Kada ki yi masa wa'azi a ranar, ya riga ya yi wa kansa wanda ya fi naki zafi. Wata rana daban, cikin natsuwa, ki tambaye shi ko akwai wani babba, malami ko ɗan'uwa ko maƙwabci ko babban ɗalibi, da ya taɓa taɓa shi ko ya matsa masa. Ba don hakan ne ke jawo abin da yake ji ba, sai don yaran da aka ware, waɗanda kowa ya san ba su da mai tsaya musu, su mugaye suka fi hari, kuma ba sa iya kai ƙara don tsoron a ce da yardarsu. Idan ya ce akwai, to an zalunce shi ne, laifin kuma na babban ne ɗungurungum.

Likita kuma ki nema ba da jinkiri ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki ce kin kawo shi ne saboda damuwa da rashin barci da tunanin mutuwa, wannan ya isa a fara duba shi. Sauran bayanin na yaron ne, shi zai faɗa idan ya natsu da likitan, kuma aikin likita ya ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya. Idan kuka haɗu da wanda ya mayar da zaman wajen zagi ko tsoratarwa, ku canza wani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu lafiyarsa ƙalau, ciwo kawai aka ji masa.

TAMBAYA

Anti, ina wuni. Shekarata 17. Na faɗa wa babban abokina sirrina cewa ba na jin sha'awar mata, shi kuma ya faɗa wa 'yan ajinmu. Yanzu ba mai cin abinci da ni, idan na shiga sahu a masallacin makaranta sai na kusa da ni ya matsa, an kuma rubuta sunana a bangon bayi. Na ce musu wasa nake yi amma ba su yarda ba. A Facebook na haɗu da wani mutum da ya girme ni, ya ce shi ma haka yake, ya fahimce ni, yana so in je mu gana in kuma tura masa hotona. Shi kaɗai ne yake min magana mai daɗi. In je?

Wani ɗalibi, daga Kano

AMSA

Lafiya lau, ɗana, kuma na gode da ka yi tambaya kafin ka taka. Kada ka je, kada ka tura hoto ko ɗaya, kada ka faɗa masa unguwarku ko sunan makarantarku, idan ka riga ka faɗa to ka tsaya a nan ka toshe shi. Akwai gungun mutane a ƙasar nan da sana'arsu ke nan: su buɗe shafi da sunan ƙarya, su yi wa mutum magana mai daɗi har ya sake, su kira shi wani wuri, sannan a rufe shi da duka, a ɗauke shi bidiyo, a ƙwace wayarsa, a riƙa karɓar kuɗi da barazanar tura wa iyayensa, sun kuma san ba zai iya kai ƙara ba. Ko da wannan mutumin ba ya cikinsu, babban da yake neman yaro ɗan makaranta ya same shi a ɓoye, yana kuma neman hotonsa, ba tausayinka yake ji ba. Kaɗaicinka ya gani yake so ya yi amfani da shi. Mai nufinka da alheri ba zai nemi abin da zai iya riƙe ka da shi ba.

Abin da abokinka ya yi cin amana ne, kuma kunyar tasa ce. Ka ba shi ajiya ya tozarta, wannan bai mayar da kai abin ƙyama ba. Na san yadda matsawar mutum ɗaya a sahu take ƙona zuciya fiye da mari, amma masallacin ba nasu ba ne, kuma babu wanda aka ba ikon korar wani daga gaban Ubangijinsa. Ba dole ba ne ka yi wa kowa bayani, ba dole ba ne ka yi ta rantsuwa, ba dole ba ne kuma ka laƙaba wa kanka wani suna a wannan shekaru. Wanda ya tambaye ka, ka ce ba ka da abin cewa, ka wuce. Surutun makaranta yana rayuwa ne da martani, idan ya rasa sai ya yi sanyi. Amma idan abin ya kai ga duka ko barazana, ko kana kwana a makarantar ne kana tsoron dare, wannan ya wuce abin haƙuri. Ka sami babba ɗaya da ka san yana da riƙon amana, mahaifiyarka ko yayarka ko wani malami mai hankali, ka ce masa ana tsangwamarka an ɓata maka suna, kana so a shiga maganar ko a canza maka makaranta. Za ka iya faɗin wannan ba tare da ka buɗe sauran ba.

Ka riƙe karatunka da hannu biyu, domin shi ne zai ba ka ƙafar tsayawa da ikon zaɓar inda za ka zauna da mutanen da za ka zauna da su. Waɗannan 'yan ajin kuwa nan da shekara ɗaya ko biyu kowa zai kama gabansa. Idan dare ya yi maka tsawo har ka fara jin gara ba ka raye, kada ka riƙe wannan kai kaɗai ko na kwana ɗaya: ka tashi wani a gida ka faɗa masa a daren, ko ka je asibiti mafi kusa da safe ka ce kana son ganin likita saboda damuwa. A nan Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ka sake rubuto mini bayan sati biyu ka gaya mini ko ka toshe mutumin, da kuma wanda ka zaɓa ka yi wa magana a gida.